Tambayoyin Masu Karatu: Haƙori Ya Lafa, Ciki Ya Rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 38, ina koyarwa a makarantar firamare. Kwanakin baya turmina na ƙasa ya yi ciwo har kumatuna ya kumbura, na je asibiti aka rubuta mini Augmentin da Flagyl na mako guda, tare da diklofenak saboda zogi. Kumburin ya sace, aka ce in dawo a cire haƙorin ko a wanke jijiyarsa, amma da na ji sauƙi ban koma ba. Yau kusan mako uku ke nan da gama shan maganin, cikina bai koma daidai ba. Yana yawan ƙugi, yana kumburi bayan na ci abinci, bayan gida yana fita da laushi sau biyu a rana, ga kasala, kuma madarar da na saba sha da shayi ta daina karɓata. Wata ƙawata ta ce dattin ciki ne, in sha maganin wankin ciki. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce taifod ne, in sayi wani maganin. 'Yata kuma ta gani a intanet cewa furobayotik ake sha. Wanne zan bi? Daga wata malama a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ƙara sauƙi. Abin da kika bayyana sananne ne, kuma a mafi yawan mutane yana warwarewa da kansa idan aka bar hanji ya huta aka ba shi abincin da ya dace. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne haƙorin da ba ki koma an duba ba, da kuma magungunan da ake neman ƙara miki, domin waɗannan biyun su ne za su iya mayar da ƙaramar matsala ta zama babba.

A cikin hanjin kowane mai lafiya, musamman babban hanji, akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa da suke zaune da mu tun muna jarirai. Wani lissafi da masana suka yi a 2016 ya kiyasta cewa jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38 daga cikinsu, kuma kusan dukkansu a babban hanji suke. Su ne suke narkar da ragowar abincin da cikinmu ya kasa narkarwa, suna samar da wasu sinadarai da bangon hanji yake rayuwa da su, suna taimaka wa garkuwar jiki, sannan saboda sun cika wurin, ba sa barin miyagun ƙwayoyi su sami gurbin zama. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka haɗiya saboda haƙori ba ya tafiya haƙori kaɗai. Yana bi ta ciki da hanji, ya shiga jini, ya zagaya jiki, kuma ba ya iya tantance ƙwayar da ta kumbura miki kumatu da wadda take yi miki aiki a hanji. Augmentin, wanda haɗin amoksisilin ne da wani sinadari da ke ƙara masa ƙarfi, yana daga cikin magungunan da aka san su da sakin ciki, shi kuwa Flagyl yana kashe irin bakteriyar da ba ta son iska, wadda ita ce mafi yawa a babban hanji. Idan aka haɗa su biyu na mako guda, ba abin mamaki ba ne ciki ya yi ƙorafi. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suke shan irin waɗannan magunguna sukan yi gudawa.

Halin da hanjinki yake ciki yanzu ya yi kama da dajin da wuta ta ci da rani. Idan ruwan sama ya sauka ciyawa za ta sake tsirowa, amma ba duka a rana ɗaya ba, kuma wadda ta fara fitowa ba lalle ita ce ta fi yawa a da ba. A 2018 wasu masu bincike a ƙasar Denmark sun ba maza 12 masu lafiya magunguna uku masu ƙarfi na kwana huɗu, sannan suka bi diddiginsu har wata shida. Bayan kimanin wata ɗaya da rabi ƙwayoyin hanjinsu sun koma kusa da yadda suke a da, sai dai akwai nau'i tara da ba a sake ganinsu ba a yawancinsu ko bayan wata shidan. Magungunan da aka ba su sun fi naki ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka mako uku da kika yi bai kai lokacin da za a ce wani abu ya lalace ba. Amma binciken yana nuna wani abu da ya kamata mu riƙe: ko zagaye ɗaya na magani yana iya barin gurbi. Idan kuma aka maimaita shi kafin hanji ya murmure, gurbin yana iya ƙaruwa.

Wannan shi ya sa shawarar mai kemis ba ta kwanta mini ba. Taifod yana zuwa da zazzaɓi mai ɗorewa na kwanaki, da ciwon kai, da galabaita, kuma ba ki ambaci zazzaɓi ba ko sau ɗaya. Ko gwajin Widal da aka saba yi a ɗakunan gwajinmu bai isa shi kaɗai ya tabbatar da taifod ba, domin yakan nuna alama a jikin wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar tun da daɗewa, ko mai wani zazzaɓin dabam. Mutane da yawa a ƙasar nan suna shan sifurofuloksasin ko Ampiclox ko tetarasaikilin da sunan taifod ko gudawa, alhali cikinsu ya rikice ne saboda maganin da suka sha kafin wannan. Haka kuma al'adar jefa Flagyl biyu a baki da zarar ciki ya murɗa ta zama ruwan dare, har wasu ba sa ɗaukarsa a matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta. A halin da kike ciki, ƙarin irin wannan magani ba tare da likita ya duba ki ba zai mayar da hannun agogo baya ne. Akwai kuma illar da ta wuce mutum ɗaya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya kiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Batun wankin ciki kuwa gajere ne. Babu wani datti da maganin ya bari wanda yake jiran a wanke shi, domin hanta da ƙoda sun riga sun fitar da shi cikin kwanaki kaɗan da gama sha. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan wankin ciki maganin sa zawo ne, kuma mai bayan gida mai laushi ba ta buƙatar abin da zai ƙara sakar mata ciki ya rage mata ruwa da gishirin jiki.

Maganar 'yarki ita ce ta fi kusa da gaskiya, amma tana buƙatar bayani. Furobayotik ƙwayoyin bakteriya ne ko yis masu rai da ake zubawa a kafsul ko gari. Akwai shaida mai kyau cewa wasu nau'o'insu, musamman biyu da aka fi gwadawa, Saccharomyces boulardii da Lactobacillus rhamnosus GG, suna rage yiwuwar gudawa idan aka fara shansu tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga farko. Amma maido da hanji bayan an gama magani wani batu ne dabam. A 2018 masu bincike a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila sun gano cewa waɗanda aka ba wani haɗin furobayotik bayan sun gama magani, ƙwayoyin hanjinsu na asali sun ɗauki watanni kafin su dawo, sun fi jinkiri a kan waɗanda aka bari ba a ba su komai ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma haɗi ɗaya aka gwada, saboda haka ba hujja ce ta yanke hukunci ba, amma ta isa ta sa mutum ya yi tunani kafin ya zuba kuɗinsa. Ƙari a kan haka, abu mai rai yana mutuwa da zafi, kuma kwalbar da ta shekara a kan kantar kemis cikin zafin bazara ba lalle tana ɗauke da abin da aka rubuta a jikinta ba. A ganina ba ki buƙatar sa. Masu raunin garkuwar jiki, kamar masu shan maganin kansa, kada su sha shi sai da izinin likitansu.

Abin da ƙwayoyin hanji suke buƙata su sake yaɗuwa shi ne abinci, kuma abincinsu shi ne faiba, wato dusa da ɓawo da zare-zaren da ke cikin hatsi da ganye da 'ya'yan itace, waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa sai sun isa babban hanji. A can bakteriya suke cinsu, su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 25 na faiba da giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana. A nan muna da sa'a, domin abincinmu na gargajiya ya ƙunshi wannan tun asali, sai dai mun fara juya masa baya. Idan aka kai dawa ko masara inji aka surfe ta tas, aka sheƙe dusar aka ba awaki, abin da ya rage tuwo ne fari mai santsi da kyan gani, amma an ba dabbobi kason da hanjinmu ya fi buƙata. Ki riƙa rage surfen, ko ki haɗa garin da ba a surfa ba da wanda aka surfa. Ki fifita tuwon dawa da na gero da acca a kan farar shinkafa da taliya da burodi, ki yawaita miyar kuka da kuɓewa da karkashi da alayyafo, da kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli. Wake da gurjiya da gyaɗa da aya da dankali duka suna da amfani, haka ma gwaiba da gwanda da mangwaro da ayaba da dabino, da albasa da tafarnuwa a cikin girki. Bambanta su ya fi yawan cin abu ɗaya, domin kowane jinsin bakteriya da irin abin da ya fi so.

Sai dai ki bi a hankali. Cikin da yake kumburi, idan aka ɗura masa kwanon wake a rana ɗaya, iska za ta ƙaru har ki ɗauka abincin ne bai karɓe ki ba. Ki fara da kaɗan, ki ƙara bayan kwana uku ko huɗu, ki jiƙa waken ya kwana ki zubar da ruwan kafin ki dafa shi ya yi luguf, sannan ki sha ruwa isasshe. Lemon kwalba da kayan zaƙi da soye-soye masu maiƙo ki ɗan ja baya da su, saboda sukari mai yawa yana janyo ruwa cikin hanji ya ƙara sakin ciki.

Abinci mai tsami da aka bari ya kwana shi ma yana da gurbi. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba manya 36 gida biyu na mako goma, kuma waɗanda aka sa su yawaita cin irin su yogot da sauran abincin da aka tsimar, nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu kuma sun ragu. Mutanen nan lafiyayyu ne, ba waɗanda suka gama shan magani ba, amma sakamakon ya ƙarfafa abin da ake zato. Namu shi ne kindirmo da nono, kuma a kansu ina da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: a tafasa madarar kafin a ɗaura ta. Ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauke da tarin fuka na dabbobi da cutar burusela mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kuma nonon da aka sirka da ruwan da ba a san tsabtarsa ba yana iya kawo gudawar da ta fi wadda ake gudu. Hanya mafi sauƙi ita ce ki yi naki a gida. Ki tafasa madara, ki bar ta ta huce har ta zama mai ɗumi yadda yatsa zai iya jurewa, ki zuba cokali biyu na kindirmo ko yogot marar sukari, ki rufe a mazubi mai tsabta ya kwana a wuri mai ɗumi. Da safe za ki tarar ya kama. Rabin kofi zuwa kofi ɗaya a rana ya isa, ko shi kaɗai ko da fura. Koko da daddawa ma ana tsimar da su, amma da yake ana dafa su, yawancin ƙwayoyin ba sa kai wa ciki da rai, duk da cewa abinci ne masu kyau kuma masu sauƙi ga ciki.

Madarar da ta daina karɓarki tana da dalili. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana zaune ne a saman bangon ƙaramin hanji, kuma idan hanji ya sha wahala yakan ragu na ɗan lokaci, sai sukarin ya wuce ba a narkar da shi ba ya haifar da iska da ƙugi. Ki ajiye madarar shayi na mako biyu ko uku sannan ki sake gwada kaɗan. Kindirmo yakan fi sauƙi saboda bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sukarin.

Akwai wani magani a jerin da kika lissafa wanda ba a cika zarginsa ba, wato diklofenak. Shi da ibufurofen da danginsu suna cin bangon ciki, musamman idan an sha su da yunwa, kuma mai ciwon haƙori da ba ya iya tauna yawanci da yunwar yake shan su. Idan kina jin zafi ko ƙuna a saman ciki, wajen ƙahon zuci, to wataƙila shi ne sila. Idan har yanzu kina shan sa jefi-jefi, ki daina, ki koma farasitamol bisa ƙa'ida.

Yanzu ga alamomin da idan kika ga ɗaya daga cikinsu, abinci da haƙuri ba su isa ba, sai asibiti. Gudawa tsararo kamar ruwa sau uku ko fiye a rana da ta wuce kwana biyu, zazzaɓi, murɗar ciki mai tsanani, jini ko majina a bayan gida, bayan gida baƙi kamar kwalta, aman da ya hana ruwa zama, jiri da ƙarancin fitsari, ko ramar da ba a san dalilinta ba. Akwai wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile wadda take samun dama idan magani ya share sauran, ta yaɗu ta fitar da dafi ya ƙona bangon babban hanji. Tana iya bayyana ana tsakiyar shan magani, tana kuma iya bayyana makonni bayan an gama, har zuwa kusan wata uku. Ta fi kama tsofaffi da waɗanda suka kwanta a asibiti, kuma kilindamaisin, wanda akan ba masu ciwon haƙori da jikinsu ba ya karɓar fenisilin, yana cikin magungunan da suka fi janyo ta. Mai irin wannan gudawa kada ya sha Imodium ko wani maganin tsayar da ciki, domin tsare dafin a hanji yana ƙara ta'azzara cutar. Kafin a isa asibiti a riƙa shan ruwan ORS, idan kuma babu shi a haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a shafe kan cokalin kada ya yi tozo. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, idan aka kai wata biyu cikinki bai daidaita ba, ki je a duba ki a yi gwajin bayan gida.

Kasalar da kike ji tana iya fitowa daga ciwon da jikinki ya yi yaƙi da shi, da kwanakin da ba ki ci ba ki yi barci ba. Barci isasshe da ɗan tattaki kullum da abinci mai gina jiki, kamar ƙwai da kifi da wake, sukan maido da ƙarfi. Amma idan kin je asibiti ki nemi a auna jininki da sukarinki. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, ciwon sukari kuma yakan ɓoye a bayan ciwon dasashi da ƙurjin haƙori mai yawan dawowa.

Haƙorin nan kuwa, Malama, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ƙurjin haƙori yana farawa ne idan ruɓa ta ci ta kai ga jijiya da jijiyoyin jinin da ke tsakiyar haƙori, suka mutu, bakteriya suka mayar da ramin gidansu, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa. Magani yana isa wuri ne ta hanyar jini, kuma cikin mataccen haƙori jini ba ya shiga. Abin da Augmentin da Flagyl suka yi shi ne kashe ƙwayoyin da suka fito suka bazu cikin ƙashi da nama, shi ya sa kumburi ya sace, amma tushen yana nan a rufe. Rashin jin zogi ba alamar warkewa ba ce, domin jijiyar da za ta ji zogin ita ce ta mutu. Saboda wannan ne Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa a mafi yawan ciwon haƙori aikin hannu ne magani, wato a fitar da mugunya, a wanke jijiya a cike, ko a cire haƙorin, kuma a ajiye maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ciwon ya fara yaɗuwa ko ya zo da zazzaɓi. Idan kika bar shi, ko ba daɗe ko ba jima zai sake tashi, a sake rubuta miki wani zagayen, hanjin da ya fara murmurewa ya koma inda ya fito. Turmin ƙasa kuma yana da haɗari na musamman, domin mugunyarsa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa ta toshe hanyar numfashi. Kumburin da ya sauka wuya ko ya hau wajen ido, ko kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya ko numfashi, abu ne na gaggawa da ba ya jiran wayewar gari. Ki koma wurin likitan haƙori a cikin makon nan, ki kuma gaya masa yadda maganin ya yi wa cikinki, domin ya san abin da zai kauce wa idan buƙata ta sake tasowa. Bayan an gama aikin, ki riƙa goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin kwanciya, ki tofar ba tare da kin kuskure da ruwa ba. Asuwaki yana da kyau, a haɗa shi da man.

Tambaya: Likita, an rubuta mini amoksisilin saboda ƙurjin dasashi, yau kwana uku, kuma cikina ya fara saki. In daina ne? Kuma ya halatta in sha fura da nono ina kan maganin? Daga wani direba a Maraɗi.

Amsa: Malam, idan sakin cikin kaɗan ne, babu zazzaɓi, babu jini, babu murɗa mai tsanani, ka ci gaba da sha yadda aka rubuta maka, ka riƙa haɗa shi da abinci, ka yawaita ruwa. Idan ya tsananta, ka koma wurin wanda ya rubuta maganin ya canza shi ko ya tsayar da shi, kada ka yanke da kanka kuma kada ka ajiye ragowar don wani lokaci. Idan ka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, wannan alama ce jikinka ba ya karɓar maganin, ka daina nan take ka nufi asibiti. Nono ba ya hana amoksisilin aiki, ka sha furarka muddin an tafasa madarar. Waɗanda nono yake rage wa ƙarfi su ne tetarasaikilin da doksisaikilin da sifurofuloksasin, su ne ake ba tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu da madara. Idan kuma ka ga wani farin abu ya shimfiɗu a harshenka ko cikin kumatu yana yi maka zafi, yis ɗin kandida ne ya samu sarari, kamar yadda yake sa wa mata ƙaiƙayin gaba bayan irin wannan magani, kuma yana da nasa maganin dabam da likita ko mai harhaɗa magunguna zai ba ka.